Janareta da Sauro

Tun yana yaro ake ce masa Janareta, saboda muryarsa. In ya yi sallama a bakin layi, matan ƙarshen layin ne ke fara amsawa. A shagon waldarsa injin yankan ƙarfe na kuka tun safe, amma shi ba ya kashe inji in zai yi magana, muryarsa ke danne kukan. Maƙwabcinsa mai gyaran firji ya taɓa roƙonsa don girman Allah ya daina yi masa raɗa, domin duk sirrin da ya raɗa masa da safe, kafin rana ta yi tsaka mai facin tsallaken titi ya zo masa jaje.

Walda ce ke ciyar da gidansa, kuma ya iya ta. Ƙyauren da ya haɗa ba ya lauje, tagar da ya yi wa rodi ɓarawo ba ya ɓata lokacinsa a kanta. Amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi mawaƙi ne, waldar riƙon ƙwarya yake yi mata kafin duniya ta farga.

Gwaninsa wani mawaƙi ne da ya rasu tun Janareta bai fara aske gemu ba. Ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce Marigayi, har tagwayensa suka taso suna zaton sunan mutumin ke nan. Ya haddace waƙoƙinsa kaf, da inda yake jan numfashi da inda yake saki. Akwai wata waƙar soyayya da Marigayi ya yi ranar da mura ta kama shi, ya yi ɗan tari a tsakiyar baiti na uku, aka bar tarin a kaset. To shi ma Janareta duk sa'ad da ya zo wurin sai ya yi tarin, ko lafiyarsa ƙalau.

Mai zuga shi kawunsa ne, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya yi ritaya daga gidan rediyo. Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗaki mai sanyi yana kallon allurar na'urar sauti tana rawa, kuma da zai bar aiki ya taho gida da wata tsohuwar amfilifaya da aka ce ta mutu, ya tashe ta. Kowace Lahadi Janareta zai je ɗakin Kawu, ya tsaya tsakanin gado da kwabet, ya rufe ido, ya dafe kunne da hannun hagu, ya saki murya. Allura ta tashi ta faɗa cikin ja, ta kwanta can ta ƙi dawowa.

"Ka gani?" Kawu zai ce, yana ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Ta kwanta! Ɗan nan, na ga manyan mawaƙa da ba su taɓa kai ta rabi ba. Waƙa murya ce. Sauran duk rawar kai ce ta waɗanda ba su da ita."

Abin da ba a faɗa a ɗakin shi ne, ba a taɓa gayyatar Janareta wuri ɗaya sau biyu ba. Ya yi waƙa a taron yaye ɗalibai, ya yi a buɗe wani kantin tayoyi, ya yi a walimar wani jami'i da ya bar aiki. Ko'ina da ya gama sai a kama hannunsa a girgiza, a ce, "Kai, wannan murya! Allah ya yi baiwa a nan." Daga nan shiru. In ya buga waya sai a ce shugaban kwamiti ya yi tafiya. Kawu ya ce hassada ce, kuma Janareta ya ga bayanin ya zauna daidai.

Matarsa, Maman Biyu, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Ba ta taɓa kushe waƙarsa ba, ba ta kuma taɓa yabonta ba. Abin da kawai aka lura shi ne, ba ta rabuwa da ɗan ƙullin auduga a aljihun rigar aikinta, kuma ba don majinyata ba.

Tana da ƙane, mai aski, mutum siriri mai shekara talatin da wani abu, da sanƙo mai sheƙi wanda abokan cinikinsa ke cewa shi ne tallar shagon: kai ɗaya da bai taɓa ɓatawa ba. Muryarsa 'yar ƙarama ce, ta hanci, shi ya sa ake ce masa Sauro. Yana aski yana 'yan waƙe-waƙensa da ba kowa ya taɓa ji ba sai a shagon, domin a kan kan da ke gabansa yake ƙirƙiro su. In ka zo da ƙeya mai tudu, kafin ya gama ƙeyar ta samu baiti biyu. Askinsa na da nawa, amma benci kullum cike yake, har da waɗanda aka yi musu jiya.

Wata ranar Talata labari ya zo cewa wani gidan abinci mai lambu, inda 'yan kiɗa ke wasa kowace Asabar da yamma, ya rasa mawaƙinsa. Mutumin ya samu aikin tuƙin babbar mota ya bar su da ganguna. Za a gwada sababbi ranar Asabar, a gaban masu cin abinci.

Janareta ya kawo labarin gida yana huci kamar shi aka riga aka ɗauka. Ya tarar da Sauro zaune a tsakar gida yana gyara wa tagwaye gefen kai.

"Maman Biyu, ki goge min farar kwat ɗin nan. Lokaci ya yi."

"Allah ya sa," ta ce, ba ta ɗago daga wankin da take yi ba.

"Af, Yaya, kai ma za ka?" in ji Sauro. "Ashe za mu haɗu. Mai gangarsu a wurina yake aski. Ya matsa min, na ce to."

Janareta ya yi dariyar da ta sa kwanon da ke kan taga ya yi ƙara.

"Kai? Da wace muryar? Wannan da in fanka na juyawa ba a jin ka?"

"Sai in roƙa a kashe fankar."

"Sauro, ina ba ka shawara a matsayina na mijin yayarka. Dandamali ba shagon aski ba ne. Can ba ka da reza a wuyan mutum da za ta sa ya saurare ka dole."

"Gaskiya ne, Yaya. Ni dai zan je in ga wuri. An ce akwai lemo kyauta ga duk wanda ya hau."

Ranar Asabar rana ta fara sanyi suka isa. Lambu ne mai faɗi, tebura na roba a ƙarƙashin bishiyoyi, kowane da lema mai tallar lemon kwalba. Dandamalin katako ne a jikin katanga, da lasifika biyu manya a gefe da gefe. Iyalai sun cika wurin, yara na guje-guje tsakanin kujeru, masu kai abinci na yawo da faranti suna yi kamar ba su ga hannuwan da ake ɗaga musu ba. Alƙalai biyu ne: shugabar 'yan kiɗan, wata doguwar mata mai jita da ba ta cika magana ba, da Manaja, gajere cikin kwat mai matse masa hammata, wanda ya gaya wa kowa tun farko cewa shi bai san waƙa ba amma ya san kujera. In mutane suka zauna, mawaƙi ya iya. In suka tashi, bai iya ba.

Kawu ya zo da wuri ya kama teburin gaba. Kafin a fara ya je ya leƙa na'urar sautin gidan, ya dawo yana girgiza kai, ya ce wannan kayan wasan yara ne.

Wata budurwa ta fara hawa, ta yi waƙa tana kallon takalminta. Wani saurayi ya biyo, ya yi tsalle-tsalle har numfashinsa ya ƙare kafin waƙar ta ƙare. Sannan aka kira Janareta.

Ya hau cikin farar kwat, ya tsaya a tsakiyar dandamali, ƙafafu a haɗe kamar turken da ya kafa da kansa. Ya gaya wa mai jita waƙar da zai yi. Ta ce to. Ya rufe ido, ya dafe kunne, ya kawo makirufo dab da baki, ya ja numfashi, ya saki kalmar farko.

Lasifikar dama ta yi wata ƙara kamar an taka wa kare wutsiya, ta yi shiru. Ta hagu ta daure har ƙarshen layin, sannan ta saki ɗan hayaƙi mai warin roba ta bi 'yar'uwarta.

Kawu ya miƙe tsaye yana tafi shi kaɗai.

"Na faɗa! Na faɗa kayan ba za su ɗauke shi ba!"

Janareta bai ma san an yi ba. Idonsa a rufe, ya ci gaba da zuba waƙar Marigayi cikin mataccen makirufo, kuma gaskiya ba a rasa komai ba, har masu gadin motoci a waje suna ji. Muryar tana da kyau, wannan ba a musu. Tana da kauri, tana da zurfi, ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Minti na farko mutane suka saki baki. Wani ya ce, "Kai!" Wata ta ce, "Kamar shi, wallahi."

Amma waƙar doguwa ce, kuma wanda ke yin ta bai motsa ba, bai buɗe ido ba, bai san ko da mutane a gabansa ko buhunan siminti ba. Da mamakin ya wuce, sai aka rasa abin kallo. Wani jariri ya fashe da kuka, uwar ta ɗauke shi ta yi bayan lambu. Teburin da ke kusa da Kawu suka ɗaga teburinsu ɗungurungum, da faranti da kwalabe, suka ja baya. Wani mai kai abinci ya sunkuya yana ta ihu a kunnen wani dattijo, dattijon na ihu a nasa, ba wanda ya ji wani. A baiti na uku Janareta ya yi tarin nan, wata mata ta tura masa ruwa da ɗanta, yaron ya tsaya a gabansa da kofi har ya gaji ya ajiye a ƙasa ya koma. Manaja na tsaye yana bin kujerun da ke zama wayam da ido, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori.

A ƙarshe Janareta ya kama kalmar ƙarshe ya riƙe ta, ya riƙe, jijiyoyin wuyansa suka tashi kamar rodi. Da ya sake ta aka yi tafi sosai, irin tafin da ake yi in ruwan sama ya ɗauke. Ya buɗe ido ya ga fili a gabansa, sai Kawu. Ya ɗauka girmamawa ce.

Yana sauka wata tsohuwa ta kama hannun kwat ɗinsa, idonta da ƙwalla.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya ji ƙan mai waƙar. Ka tuna min da shi. Bari in je gida in nemo kaset ɗinsa in ji."

Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Janareta ya iske Sauro a gefen dandamali, ya dafa kafaɗarsa da tausayi.

"Ka yi haƙuri, ƙanena. Ban yi niyyar kashe musu kaya ba. Yanzu ba makirufo, ka ga sai dai wani jiƙon."

"Ba komai, Yaya. Dama ni tsoron abin nake ji."

Da aka kira shi Sauro bai hau dandamalin ba. Ya je ya yi magana da mai ganga, mutumin ya ajiye sanduna ya fara bugawa a hankali da yatsu. Sai Sauro ya jawo wata kujera da aka gudu aka bari, ya kai ta tsakiyar tebura, ya zauna, ya harɗe ƙafa. Ya ɗaga hannu kamar mai kiran abinci. Mai kai abinci ya wuce shi. Ya sake ɗagawa. Wani ya wuce. Ya dubi matar da ke teburin kusa, ya ɗaga mata gira. Matar ta yi dariya, domin ita ma tun ɗazu hannunta ke sama.

Sannan ya fara, da 'yar muryar nan ta hanci:

"Na yi odar kaza ina saurayi,
Ga furfura ta zo, ita ba ta zo ba."

Ya shafa sanƙonsa yana neman furfurar. Waɗanda ke kusa suka tuntsire. Na nesa ba su ji ba, suka fara tambaya, "Me ya ce? Me ya ce?" Wani ya daka wa yara tsawa su yi shiru. Aka fara jawo kujeru.

Sauro ya tashi, ya bi bayan wani mai kai abinci yana kwaikwayon tafiyarsa, da farantin da babu a tafin hannunsa.

"Na tambayi mai kawowa, ya ce tana hanya,
Wai yanzu uwar ta hau ƙwai, ba ta zo ba."

Ya tsaya a gaban wani mai ƙaton tumbi, ya leƙa farantinsa, ya dube shi da zargi, ya juya ga jama'a ya buɗe hannu. Ba wanda ya gaya musu, suka amsa gaba ɗaya: "Ba ta zo ba!"

Mai jita, da tun ɗazu take zaune kamar an aiko ta, ta gyara zama ta fara bin sa a hankali da jitar da ba wuta. Sauro ya zaga lambun tebur tebur. Ya sa wa wasu ma'aurata baiti, ya ce a nan suka haɗu suna jiran kaza, ga shi har ɗansu ya yi gemu. Ya durƙusa gaban wata yarinya ya roƙe ta in ta girma ta karɓar masa. Sau biyu muryarsa ta karye, ya yi tsaki ya ce yunwa ce. Da ya zo inda Manaja ke tsaye ya yi shiru, ya cire hular da ba ya sanye da ita, ya rusuna, ya bar jama'a suka ƙarasa da kansu.

Manaja ya kumbura, ya buɗe baki zai ce a fitar masa da wannan mutumin. Sai shugaban masu kai abinci ya zo da gudu ya raɗa masa cewa kowane tebur kaza yake so, har waɗanda suka riga suka ci. Manaja ya rufe bakinsa, ya sake buɗe shi da murmushi, ya fara tafi sama da kansa don a ga shi mai son raha ne.

Ba a daɗe ana shawara ba. Mai jita ta ce Sauro. Manaja ya ce dama shi tun da ya ga mutumin ya san akwai wani abu a tare da shi. Sannan ya ja Janareta gefe.

"Malam, muryarka ta burge ni. Muna da matsala a nan, in mota ta tare wata sai mu yi ta neman mai ita. Ko za ka riƙa zuwa ranar Asabar kana kira mana lamba? Da abinci."

Kawu ne ya amsa masa, kuma abin da ya faɗa ya sa wata uwa ta toshe kunnen ɗanta.

A hanya Kawu ya bayyana komai. An haɗa baki ne. Mai ganga abokin cinikin Sauro ne, lasifikan kuma da gangan aka kawo masu rauni. Janareta ya yi ta gyaɗa kai, amma wannan karon bayanin bai zauna ba. Ya ji dariyar mutanen nan da kunnensa, kuma ya san dariya ba a haɗa baki a yi ta. Abin da ya fi ci masa rai, shi ma sau ɗaya bakinsa ya suɓuce ya amsa.

Ya daina zuwa shagon Sauro. Ya daina waƙa a wurin aiki, har mai gyaran firji ya leƙo ya tambaya ko an yi rasuwa. Gashinsa ya taru, ya je wurin wani mai aski a bakin kasuwa, aka yi masa wani abu da ya sa tagwaye suka ɓuya bayan ƙofa suna dariya.

Wata safiya yana ɗaure takalmi ya ce, ba tare da ya dubi matarsa ba, "Maman Biyu, ke ma kina ganin Sauro ya fi ni?"

Ta ajiye kofin shayinta.

"Murya? Ko rabin rabinka bai kai ba."

"To me?"

"Baban Biyu, shekara nawa muna tare? Ban taɓa jin waƙarka ba."

"Kamar yaya? Kullum ina yi!"

"Ta Marigayi nake ji. Shi kuma na san matsalolinsa kaf, na san wadda ta yaudare shi, na san murarsa. Kai ban san naka ba. Kuma in kana yi ba ka ganinmu. Ranar nan na fita na sayo sabulu na dawo, kana nan inda na bar ka." Ta ɗauki jakarta. "Ka je ya gyara maka kan nan, don Allah. Abokan aikina na tambaya ko haɗari ka yi."

Ya je shagon Sauro da hantsi, yana fatan ba kowa. Benci cike. Da ya shigo aka bi shi da ido. Sauro ya karkaɗe kujera da tawul kamar jiya suka rabu.

"Yaya, bismillah. Wa ya yi maka wannan? Ka faɗa min in kai ƙara."

Ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna kilifa. Can ya ce, "Yaya, ɗan yi min layin farkon nan na Marigayi. A hankali, madubin aro ne. Amma kar ka rufe ido."

"Wasa kake so ka mai da ni?"

"Wallahi a'a. Layi ɗaya."

Janareta ya ja numfashi ya fara, yana kallon madubi. Bai kai rabin layi ba ya tsaya. Mutumin da ke cikin madubin ya yamutse fuska, hanci ya buɗe, gira ta haɗe, kamar wanda ke ɗaga injin mota shi kaɗai. Waƙar kuwa cewa take masoyiya ta zo su zauna a inuwa.

"Haka nake yi?"

"Kullum."

"Ba wanda ya gaya min."

"An gaya maka, Yaya. Ba ka ji ba, kana waƙa."

Benci ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Kilifa na ta zirya a ƙeyar Janareta.

"To ni me zan ce a waƙa? Ni ba a yaudare ni ba. Yayarka kawai na nema, ta ce to."

"Me ya ɓata maka rai makon nan? Ban da ni."

Janareta ya yi tsaki. Ya ce ai ba sai an je nesa ba, jiya-jiyan nan wani ya zo masa da ƙyaure a bayan a-kori-kura, ƙyauren da tsatsa ta cinye har kana hango titi ta cikinsa, ya sauke ya ce, ɗan taɓa min kawai. Ɗan taɓa min! Kowa ɗan taɓa min. Mai keken da ya rabe biyu, ɗan taɓa min. Mai gadon da mutum shida suka karya, ɗan taɓa min. Wata ta zo da tukunyar da ba gindi, bakin kawai ya rage, wai ɗan taɓa min, tana sauri. Yana faɗa yana kwaikwayon muryoyinsu, ya ƙanƙance murya ya yi ta matar, ya fito da hannu daga ƙarƙashin ƙyalle yana nuna girman ramin. Sai da Sauro ya kashe kilifa don kar ya yanke shi.

Da Janareta ya dawo hayyacinsa ya ga wani dattijo a benci yana share hawaye, wani saurayi ya zame ƙasa yana riƙe da ciki. Ya dube su ta madubi, ya rasa abin da zai yi da fuskarsa.

"To ga ta nan," in ji Sauro. "Saura kiɗa."

Abin bai zo da sauƙi ba. Mai jita ta yarda ta gwada Janareta bisa sharaɗi biyu: makirufo zai tsaya nesa da shi kamu ɗaya, kuma in ya rufe ido za ta daina kiɗa. A gwaji ta daina kiɗa har ta gaji. Ya gano cewa ƙafafunsa ba su san abin da ake yi da su ba in ba tsayuwa ba, kuma rage murya ya fi ɗaga ta wuya. Kawu ya zo gwaji ɗaya, ya saurara, ya ce an ɗauki babbar mota an mai da ta amalanke, ya fita. Wata biyu Kawu bai amsa gaisuwar Sauro ba.

Asabar ɗin da aka ba shi dama, bayan Sauro ya yi waƙa uku, Janareta ya fito da kayan aikinsa, da tabarau ɗin walda a goshi. Ya buɗe ido ya ga mutane, da yawa, kowa da nasa idon. Wata mata a gaba ta yi hamma, ya ji kamar ya tsallake katanga. Ya shiga kiɗa a makare, ya manta baiti na biyu ya maimaita na farko. Amma da ya zo kan matar tukunya, ya langaɓe kai ya yi 'yar muryarta, sannan ya juya ya ba ta amsa da tasa ta gaske, sau ɗaya tak, lemomin tebura suka girgiza, lambun ya kece da ihu. Wani daga baya ya ɗaga karyayyar kujerar roba yana cewa a ɗan taɓa masa.

Bai zama tauraro ba. Sauro ne mawaƙin gidan, shi kuma ana ba shi waƙa ɗaya kafin hutun rabin lokaci, wani lokaci biyu in Sauro na son ya huta. Amma Asabar ta gaba an ce ya dawo, da wadda ta biyo ta.

Matsalar da ta taso ita ce ta waƙa ta biyu. Ya yi makonni yana fama, ya ce lanƙwasa ƙarfe ya fi sauƙi, shi ƙarfe in ka gasa shi yana jin magana. Ya fara bin mutanen gida da kallo yana motsa baki. Wata rana da yamma Maman Biyu na kwashe shanya ta juyo ta gan shi a bakin ƙofa, ya ƙura mata ido yana kaɗa yatsa a cinya.

"Baban Biyu."

"Na'am."

"In na ji kaina a lambun nan, ko da baiti ɗaya, ka nemi inda za ka riƙa cin abinci."

"Haba, ni na isa? A kan mai gidan haya nake tunani."

"To shi yi. Ka sa har da famfon da ya ce zai gyara."

Ta miƙa masa kwandon kayan, ya karɓa, ya bi ta ciki yana gwada kalmar famfo a baki, yana neman abin da zai dace da ita.